Notin da Ya Dawo Cikin Kwano

Inna tana tsugune gaban baho tana wanke-wanke, hantsi ya ɗaga, sai ta buɗe kwanon da aka dawo mata da shi jiya daga shagon ƙanenta, ta ji wani abu ya yi ƙaras a ciki. Ta karkata kwanon, abin ya gangaro tafin hannunta. Noti ne, baƙi, gajere, bai fi kan ɗan yatsa ba, da wani ɗan zoben roba sabo a wuyansa.

Tsaki ta fara ja. Ƙanen nan nata mai gyaran keke, wanda duk unguwa ke kira Sifana saboda ba a taɓa ganinsa babu sifana a aljihun baya ba, ya ba hamsin baya amma har yau bai san bambancin kwanon abinci da gwangwanin giris ba. Ta ɗaga hannu za ta wurga notin cikin kwata, sai hannun ya tsaya a sama.

Ta san notin nan.

Wanki Inna take yi wa mutane, shekara talatin ke nan, kuma idonta ba ya iya ganin datti ya ƙyale. Keken 'yarta Auta ma bai tsira ba, kowace safiya sai ta bi shi da tsumma daga sirdi har taya. Keke ne na hawan dutse, asibitin unguwa ne ya ba Auta shekara shida da suka wuce, kuma ko a lokacin tsoho ne, wasu biyu sun hau shi sun gaji. Ƙafafunsa na gaba ƙarfe ne cikin ƙarfe, na sama siriri mai sheƙi yana nutsewa cikin na ƙasa mai kauri duk lokacin da taya ta daki dutse. Shokozoba, in ji makanikai. A can ƙarƙashin ƙafar hagu, dab da taya, akwai kan noti da ya ɗan fito waje. Shekara shida tsummanta yana maƙalewa a kansa. Ya yaga mata tsumma ba adadi, ita ma ta zage shi ba adadi.

Yau da safe tsumman bai maƙale ba. Ya wuce sumul. Har ta ce a ranta, ashe dai Sifana ya iya abin kirki, ya raba ta da wannan jarabar.

Ashe notin ne babu, ga shi a hannunta. Auta ta fita tun sassafe da akwatin allurar yara goye a bayanta, ta hau dutse zuwa gidajen da ke can sama inda mota ba ta zuwa. Sau uku take hawa a mako, kuma da rana ta ɗan karkata take gangarowa.

Inna ta share hannu a zani, ta laluba wayarta, ta danna maɓallin farko ta riƙe kamar yadda Auta ta koya mata. Muryar matar nan ta cikin waya, wadda ba ta taɓa kawo labarin alheri ba, ta ce ba a samun mai lambar. Dama ta sani. Da an wuce tankin ruwa waya ta zama dutse. Ta sake dannawa duk da haka, har sau uku. Sannan ta yafa mayafi a karkace, ta bar baho da kumfa da ƙofa a buɗe.

Shagon Sifana rumfa ce mai tsawon mutum biyu, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da mai, tsofaffin tayoyi rataye a ƙusa, benci guda mai ƙafa uku da bulo. Yana zaune yana liƙe faci, maƙwabcinsa mai aski ya jingina da babur ɗinsa suna hira.

"A'a, Yaya da kanta!" in ji Sifana. "Yau kuma me na yi? In kwano ne na mayar, har lashe miki shi na yi don in rage miki aiki."

Ta ajiye notin a kan benci. "Mene ne wannan?"

Ya ɗauka, ya kawo shi kusa da hanci, ya sake nisanta shi, yana ƙanƙance ido. Shekara uku tana ce masa ya je a ba shi tabarau, yana cewa tabarau na masu biro ne.

"Noti ne."

"Na ce maka kaza ce? Na ina ne?"

"Haba Yaya, kowane gyara ana samun ragowa. Masu ƙera abubuwan nan zuba noti suke yi kamar a hanya suke tsinta."

Mai aski ya ƙyalƙyale da dariya. Inna ba ta ko dube shi ba.

"A kwanona na same shi. Kwanon da Auta ta ɗauko jiya tare da kekenta."

Dariyar mai aski ce ta fara mutuwa. Sifana ya juya notin, ya taɓa zoben robar da farce. Shi ya sa wannan zoben da hannunsa jiya da yamma. Inna ta ga leɓensa na ƙasa ya saki.

"Sauko da wancan," ta ce, ta nuna wasu tsofaffin ƙafafun keke da ke rataye a bango. "Nuna mini ramin da yake shiga. Ni ban yi boko ba, amma ba makauniya ba ce."

Ya sauko da su. Ya nuna mata ƙarƙashin ƙafar.

"Kwance na wannan. Duka biyun. To, ɗaga."

Ya kama ƙarfen sama ya ɗaga. Na ƙasa ya zame a hankali kamar ana zare wando, sannan ya sulluɓe gaba ɗaya ya faɗi ƙasa, ƙwal. Sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen da ke ciki, ya biyo baya yana birgima har gindin babur.

Inna tana kallon ƙarfen a ƙasa, amma taya take gani a jikinsa, da Auta a sama riƙe da kan keken da babu komai a ƙarƙashinsa.

"Yi bayani," ta ce. Muryarta ta fito siririya, ba irin tata ba.

Ya yi bayanin yana in-ina. Ƙafafun sun daɗe suna kuka, ƙwas-ƙwas a kan kowane dutse, ruwan tsatsa yana tsiyaya daga bakin roba, da safe kuma su sandare kamar itace. Jiya ya warware su, ya kwashe tsohon giris da ya koma taɓo, ya wanke, ya goge, ya sa sababbin robobi. Shi kuwa ƙa'idarsa guda ce tun yana yaro: duk abin da ya kwance, cikin gwangwani yake jefawa, in ya gama ya leƙa. In gwangwani ya zama wayam, aiki ya ƙare. Jiya gwangwanin cike yake da kananzir na wanki, sai ya jawo kwanonta da ya gama cin abinci a ciki. Saura noti ɗaya wani ya shigo da faci yana sauri. Kafin ya waiwayo Auta ta zo, ta rufe kwano, ta ƙulle shi a ɗankwali. Ya dubi benci, babu komai a kai. Ya danna keken, ya ji laushi kamar sabo, ya miƙa mata.

"Ɗayar ƙafar fa?" in ji Inna. "Ai biyu ne. Na dama yana nan, na gan shi."

Sifana ya dubi mai aski kamar shi zai ba shi amsa.

"Da kai nake!"

"Na dama haƙoransa sun cinye tun bara. Da gam na cusa shi don kada ruwa ya shiga ramin. Ba ya riƙe komai."

"Ka gaya mata?"

"Yaya, in na gaya mata za ta kai maganar asibiti, su ce babu sabo, su karɓe keken, ta koma hawan dutse da ƙafa da wannan akwatin..."

"Ka gaya mata?"

"A'a."

Ita ta goya shi. Ranar da uwarsu ta rasu yana da shekara huɗu, a bayanta ya yi kukansa. Ta ji hannunta na dama yana ƙaiƙayi, da akwai lokaci da ta kwaɗa masa marin da zai ji har kabari. Amma babu lokaci.

"Yanzu me ke riƙe da tayar?"

"Nauyinta. Da sababbin robobin, suna da tauri. A hawa babu abin da zai faru, tana danne su. A gangara ne, jijjiga za ta riƙa sassauta su. In tayar gaba ta bar ƙasa..." Bai ƙarasa ba.

Ba sai ya ƙarasa ba. Duk wanda ya taɓa zama da Auta ya ji labarin magudanar ruwan da ke ƙasan tanki, wadda ta ratsa hanya, faɗinta taku guda. Kowa sauka yake yi ya ɗaga kekensa. Auta ba ta sauka. Fizgar kan keken take yi ta tsallake, ta dawo gida tana ba da labari tana dariya, Inna tana faɗa. Daga gefen magudanar kuwa, tsohon ramin fasa dutse ne, zurfinsa ya fi bene biyu.

"Zan dawo kanka," ta ce masa. "Wallahi zan dawo kanka a gaban mutane. Ɗauki sifanarka. Kai kuma mai aski, tayar da abin nan."

"Inna, akwai mai jira na, rabin kansa..."

"Ya jira da rabin. Tayar!"

Su uku a kan babur, ita a tsakiya, notin dunƙule a hannunta. Ba ta taɓa yarda ta hau babur ba tare da ta yi ta cewa a rage gudu ba, yau dukan bayan mai aski take yi tana cewa ya ƙara. Suka wuce kasuwa, suka wuce makaranta, kwalta ta ƙare, babur ya yi ta tsalle a kan tsakuwa har inda hanya ta miƙe tsaye ta koma duwatsu da ramuka. Nan ya tsaya yana huci. Inna ta ɗaga kai ta dubi rana. Ta take tsaka, har ta soma karkata gefe.

Ta kama hawa. Gwiwoyinta da ko tashi daga tabarma sai ta dafa bango, yau ba ta saurare su ba. Takalminta ɗaya ya tsinke, ta cire duka biyun ta bar su a hanya. Sifana yana bayanta yana numfashi kamar zugazugi, yana magana a yanke-yanke.

"Yaya, kada ki yi mata ihu. Kada ki faɗo mata daga bayan dutse. In ta firgita za ta fizgi kan keken. Birki ake so ta taka a hankali, birki yana danne ƙafafun. Sai ta hango ki daga nesa. Sama da tanki akwai miƙaƙƙiyar hanya, can za ki tsaya."

"Yanzu ka san ilimi."

Wata magana ce ta taso mata tana cin ta tun daga ƙasa. Jiya da yamma, da Auta za ta fita ɗauko keke, wa ya bi ta har ƙofa yana cewa, kada ki kuskura ki bar mini kwano ya kwana a wannan ƙazamin shagon? Wa ya ce, ko yana ci ne ki fizge ki kawo? Ta haɗiye maganar, ta sake tasowa. Ta haɗiye.

Duk ƙarar da ta ji daga sama sai zuciyarta ta tsinke. Akuya ta turo tsakuwa, ta ɗauka keke ne. Wani tsuntsu ya yi kuka, ta ji kamar muryar mutum. Ta soma yi wa Allah magana a fili, ba addu'ar da aka koya mata ba, magana kawai irin ta mai roƙon maƙwabci: ka riƙe mata ƙarfen nan, ka riƙe shi kaɗan, ga ni nan zuwa.

Da ta iso magudanar ta tsaya. A wancan gefen, sawun tayar keke ya gangaro har bakin siminti ya ɓace. A wannan gefen ya sake bayyana, taku guda da rabi, ya nutse cikin ƙasa. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, sawu a kan sawu, na makonni. Ta dubi hagu, ta ga bakin ramin da koren ruwa kwance a can ƙasa. Ta kawar da kai da sauri. Ta zauna a bakin magudanar, ta zura ƙafafu, ta rarrafa ta haye.

Ta wuce tanki. Hanyar ta miƙe sambal, tsawon filin ƙwallo, sannan ta lanƙwasa bayan wani dutse. Inna ta je tsakiyarta ta zauna daram, ta miƙe ƙafafu, ta cire mayafinta ja ta shimfiɗa a gabanta daga wannan gefe zuwa wancan, ta danne bakinsa da duwatsu kamar mai shanya. Sannan ta ga abin da ba ta lissafa ba. Tsakaninta da kwanar nan akwai tuddai ƙanana, akwai saiwar itace da ta ratsa hanya, akwai duwatsu masu kai kamar tulu. Kowanne ya isa. Kuma babu abin da za ta iya yi a kansu, sai zama.

Ba ta san tsawon zaman ba. Ƙudaje suka sauka a ƙafarta da ta fashe, ba ta kore su ba.

Sai ta ji. Ƙarar sarƙa tana dukan ƙarfe, tsakuwa tana tartsatsi, da waƙa. Waƙa yarinyar take yi.

Keken ya fito daga kwana kamar an harbo shi. Auta a tsaye kan feda, akwati a baya, ɗankwali yana kaɗawa. Ihu ya taso wa Inna tun daga cibiya, ta cusa bakin zaninta a baki ta cije. Tayar gaba ta daki saiwar itacen, Inna ta ga haske tsakanin taya da ƙasa, ta rufe ido. Da ta buɗe keken yana nan tafe. Waƙar ta yanke. Birki ya soma kuka, kan keken ya duƙa, ƙura ta tashi, ya yi ta raguwa, ya yi ta raguwa, har tayar ta tsaya a bakin jan mayafi.

"Inna! Lafiya? Wa ya rasu?"

Inna ta kama tayar da hannu biyu ta riƙe gam.

"Inna, ki yi magana mana! Ina takalminki? Kawu, me ya faru?"

Sifana ya iso yana jan ƙafa, fuskarsa ta yi toka. "Sauka, Auta. A hankali. Kada ki ɗaga kan. Sauka ta gefe."

Ta sauka. Da nauyinta ya bar keken, ƙarfen sama ya fito fiye da yadda Inna ta taɓa ganinsa a shekara shida na gogewa, dogo, tsirara, da sabon giris a jiki.

"Sake shi, Yaya," in ji Sifana.

"Ba zan sake ba. Ɗaga ta gani. Yadda ka ɗaga a shago."

Ya sa hannu ƙarƙashin kan keken ya ɗaga. Bai kai tsawon yatsa ba, ƙarafan suka rabu. Tayar da ƙafafun ƙasa suka tsaya a hannun Inna, sauran keken a hannunsa, wayar birki kaɗai tana lilo a tsakani.

Auta ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta juya ta dubi gangaren da ke ƙasa, wajen tanki. Sai ta zauna a ƙasa da akwatinta a baya, ta ɗora kai a gwiwa.

Sai a lokacin Inna ta buɗe hannunta na dama. Notin ya bar shaidarsa a tafin, zagaye mai kusurwa shida, har ya yi jini a gefe guda.

"Gaya mata," ta ce wa ƙanenta. "Duka. Har na bara."

Ya gaya mata, a tsaye, da rabin keke a hannu. Bai tsallake gam ɗin ba. Da ya zo wajen cewa don kada a karɓe mata keke ne, Inna ta katse shi.

"Wannan ba kai za ka yanke mata ba. Wuyanta ne, ba naka ba. Gobe da safe za ka sa riga mai tsabta mu je wajen shugaban asibitin, ka faɗa masa da bakinka cewa ƙafafun nan sun mutu tun bara, kai ka rufe. In ya ce babu sababbi, na iya zama a hanya, yau na koya. A ƙofar ofishinsa zan shimfiɗa mayafi. Daga can kuma ɗakin masu duba ido, ko da ja ne."

"To, Yaya."

"Ban ji ba."

"Na ce to."

Ya durƙusa ya mayar da ƙarafan, ya karɓi notin ya ɗaura. Sau biyu sifanar tana kuɓuce masa. Da ya gama Auta ta miƙe, ta share fuska, ta kama sirdi.

"Ina za ki?" in ji Inna. "Tura shi za ki yi. Har gida."

Suka gangaro a ƙafa, Auta tana tura keke, Inna ta dafa kansa ta ɗaya gefen, Sifana a baya da akwati. A magudanar su biyu suka ɗaga keken suka haye da shi, Inna tana kallon ƙarƙashin ƙafar hagu har aka dire. Sun yi nisa kafin Auta ta yi magana, ƙasa-ƙasa.

"Inna, ni fa na rufe kwanon. Ban ko leƙa ba."

"Na sani. Ni na aike ki." Ta faɗa da ƙarfi, kamar mai faɗa, idonta a kan hanya. "Kuma kada wanda ya sake tayar mini da maganar."

Washegari, kafin su wuce asibiti, ta biya shagon da kwanon a hannu, wankakke tas, babu murfi. Mai aski yana buɗe ƙofarsa ta kira shi ya zo ya zama shaida. Ta ɗora kwanon a tsakiyar benci, ta zaro ƙusa mai tsawon yatsa daga bakin zaninta, ta miƙa wa Sifana guduma.

"Yaya, kwanon aurenki ne fa."

"Na tambaye ka tarihi? Daga yau a nan za ka riƙa jefa abin da ka kwance. Buga."

Ya buga. Ƙusar ta huda gindin kwanon ta shige katako. Inna ta kama bakinsa da hannu biyu ta jijjiga, ta ja sama da ƙarfinta, bencin ya ɗaga tare da shi.

"Ƙara ɗaya," ta ce.